Esposito (sunan zuri'a na Italiya)

Esposito sunan zuri'a ne na mutanen Italiya, wanda tushensa yake birnin Napoli da garuruwan da ke kewaye da shi a yankin Campania, kudancin ƙasar. A Napoli babu sunan da ya kai shi yawa, kuma idan aka jera sunayen ƙasar baki ɗaya, galibi shi ke zuwa na huɗu bayan Rossi da Russo da Ferrari. Waɗannan ukun duk an san inda suka dosa: Rossi da Russo laƙabi ne na mai jan gashi ko jar fata, Ferrari kuwa jikokin maƙera ne. Esposito bai fito daga sana'a ko kamannin kaka ko sunan gari ba. Ma'aikatan gidajen raino ne suka riƙa rubuta shi a gaban sunan jariran da aka yar, waɗanda ba a san iyayensu ba. Saboda haka mutum biyu masu wannan suna, ko da unguwarsu ɗaya, ba lallai ne jini ya haɗa su ba.

Ma'ana da furuci

Sunan ya fito daga kalmar Latin expositus, wato abin da aka fitar waje aka ajiye a sarari. Tun zamanin daular Rum ta dā ake amfani da wannan kalma ga jaririn da mai gida ya ƙi karɓa, aka kai shi wani wuri da jama'a ke wucewa aka ajiye, ko wani ya ɗauka ko ya mutu. A Italiyanci na yau esposto ake cewa, jam'insa esposti. Siffar Esposito ta fi kusa da Latin ɗin da malaman coci ke rubuta rajista da shi, shi ya sa ta riƙe harafin i a tsakiya.

Mutanen Italiya suna ɗora nauyin murya a kan gaɓa ta biyu, wato es-PO-zi-to. A Amurka da Kanada an fi jin nauyin ya koma gaɓa ta uku, har wasu masu sunan da kansu haka suke faɗa. Akwai wasu siffofi da suka fito daga tushe guda, kamar Sposito, Esposto, Esposti, da Degli Esposti wanda ya fi yawa a Bologna da kewaye. A Sifaniya ma akwai Expósito, mai ma'ana ɗaya da tarihi kusan iri ɗaya.

Akwatin da ke juyawa

Ba a fahimtar wannan suna sai an san abin da Italiyawa ke kira ruota. Wani akwati ne na katako mai siffar ganga, a tsaye, an kafa shi a cikin tagar bangon gidan raino ta yadda zai iya juyawa. Gefe guda a buɗe yake. Mai ɗauke da jariri, sau da yawa ungozoma ce ko wata tsohuwa daga dangi, za ta zo da dare ta sa shi a ciki, ta juya akwatin, ta kaɗa ƙararrawa, ta yi gaba. Matar da ke gadi a ciki sai ta ɗauki jaririn ba tare da ta ga fuskar wadda ta kawo shi ba. Dalilin ƙirƙirar abin ke nan: a rufa wa uwa asiri, a kuma hana jefa jarirai a kogi ko a juji.

A Italiya ana danganta farkon wannan tsari da Fafaroma Innocent na Uku, wanda ya sa aka kafa irin akwatin a asibitin Santo Spirito na birnin Rum a wajajen 1198. Daga nan ya bazu har ya zama kusan kowane babban gari yana da nasa.

Na Napoli yana jikin gidan da ake kira Annunziata, a tsohuwar unguwar Forcella. An kafa gidan a ƙarni na 14, kuma Sarauniya Sancia, matar Sarki Robert na gidan sarautar Anjou, tana cikin manyan waɗanda suka tallafa masa. Wuri ne babba mai coci da asibiti da ɗakunan raino da makarantar 'yan mata. Idan jariri ya shigo, a yi masa wanka, a yi masa baftisma, a raɗa masa suna, sannan a ɗaura masa igiya a wuya mai ɗauke da tambarin dalma da lambarsa. A littafin rajista kuma magatakarda ya rubuta rana da sa'ar da ya iso, da tsumman da aka naɗe shi da shi, da duk abin da aka samu a jikinsa.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya fi taɓa zuciyar masu binciken takardun gidan. Iyaye mata da yawa sukan bar alama: rabin tsabar kuɗi, rabin lambar wuya, yagaggen hoton wani waliyyi, ko 'yar takarda mai cewa an riga an yi wa yaron baftisma kuma ga sunansa. Ɗaya rabin yana hannun uwar, da fatan wata rana idan hali ya samu ta dawo ta haɗa su ta karɓi ɗanta. Wasu sun dawo. Mafi yawa ba su dawo ba, kuma ko sun dawo ba lallai su tarar da yaron da rai ba, domin mace-macen jarirai a irin waɗannan gidaje ya yi muni ƙwarai. A shekaru da dama fiye da rabinsu ba sa kai shekara guda. Masu shayarwa sun yi kaɗan, cuta kuma tana yawo daga gado zuwa gado. Waɗanda suka fi sa'a su ne waɗanda aka tura ƙauye wurin matan da ake biya su shayar da su.

Mutanen Napoli suna kiran yaran Annunziata "'ya'yan Madonna", wato 'ya'yan Maryamu, tunda ita ake ɗauka a matsayin uwarsu. 'Yan matan da suka girma a gidan, hukumar gidan ce ke yi musu kayan aure. Amma a takarda, kusa da sunan yanka, kalmar expositus ce ke zaune. Da farko bayani ne kawai na halin da yaron ya zo a ciki. Bayan babban taron malaman cocin Katolika na Trento, wanda aka kammala a 1563, aka wajabta wa kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure a littafi, sai sunayen zuri'a suka fara tsayawa a wuri guda. Yaron da ba shi da sunan uba, idan ya girma ya zo aure, abin da ke rubuce a gaban sunansa shi ya zama nasa, shi kuma 'ya'yansa suka gada.

Ba duka yaran ne aka haifa a wajen aure ba, kamar yadda ake yawan zato. Talauci ya tura ma'aurata da yawa zuwa bakin akwatin, musamman a shekarun yunwa da annoba. A Milan ta tsakiyar ƙarni na 19 abin ya kai ga kusan kashi ɗaya cikin uku na jariran da ake haifa a birnin suna ƙarewa a gidan raino, da yawansu kuma 'ya'yan ma'aurata ne masu aikin masaƙa da ba su da yadda za su yi.

Dokar Murat

Sunan ya zama tabo. Duk inda mai shi ya faɗe shi, an san labarinsa ko labarin ubansa. A 1811 Joachim Murat, hafsan sojan Faransa kuma mijin ƙanwar Napoleon, wanda ya mulki Napoli daga 1808 zuwa 1815, ya fitar da doka da ta hana a ci gaba da bai wa 'ya'yan tsintuwa sunan Esposito. Aka umarci ma'aikata su riƙa ƙirƙiro wa kowane yaro suna na dabam. Nan magatakarda suka shiga lalube: sunan wata, sunan fure, sunan dutse ko kogi, sunan waliyyin ranar, wani lokaci ma abin da ya faɗo musu a baki kawai.

Vincenzo Gemito, shahararren mai sassaƙa na Napoli, misali ne na abin da ya biyo baya. An saka shi a akwatin Annunziata a 1852 yana jariri sabon haihuwa. Sunan da aka ba shi Genito ne, ma'ana wanda aka haifa, amma kuskuren rubutu ya mayar da shi Gemito, kalmar da ke nufin nishi. Da an haife shi shekara hamsin kafin nan, da Vincenzo Esposito duniya za ta san shi.

Abin da wannan ke nunawa shi ne yawancin masu sunan a yau zuri'ar yaran da aka yar tun kafin farkon ƙarni na 19 ne, kuma ta wajen maza, tunda sunan uba ake gada. Tsakaninsu da wancan kakan akwai tsatso bakwai ko takwas ko fiye.

Akwatunan kansu sun daɗe bayan dokar. Sai bayan haɗewar Italiya a 1861 aka fara rufe su, bisa hujjar cewa suna sauƙaƙa yar da yara kuma kuɗin rainon ya fi ƙarfin hukumomi. Ferrara ta rufe nata a 1867, Milan a 1868, Napoli da Firenze a 1875. A 1923 gwamnati ta soke tsarin a ƙasar baki ɗaya. Akwatin Annunziata yana nan har yanzu, masu ziyara suna zuwa kallonsa.

Takwarorinsa a wasu garuruwa

Kowane gari da irin sunan da yake bai wa nasa yaran. A Rum da yankin Umbria Proietti ne, daga kalmar Latin mai nufin wanda aka jefar. A Firenze, inda aka buɗe gidan Innocenti a 1445 a ginin da Filippo Brunelleschi ya zana, an samu Innocenti da Degl'Innocenti da Nocentini, wato marasa laifi. A tsibirin Sisili akwai Trovato, wanda aka tsinta. A Romagna akwai Casadei, gidan Allah. Akwai kuma Diotallevi, wanda addu'a ce sukutum: Allah ya raya ka. A Milan kurciya ce tambarin babban asibitin birnin, shi ya sa yara da yawa suka tashi da sunan Colombo, ko da yake ba kowane Colombo ne ya fito ta wannan hanya ba. Sunan Colombo ya girmi al'adar.

Idan aka kwatanta, Esposito da Proietti ne suka fi rashin tausasawa. Na Firenze da na Romagna aƙalla sun lulluɓe maganar.

Yaɗuwa

Cibiyar sunan ba ta gusa daga Campania ba: Napoli, da garuruwan gaɓar teku irin su Castellammare di Stabia da Sorrento, da lardunan Salerno da Caserta. Yawansa a can ya biyo bayan girman Napoli ne, wadda a ƙarni na 17 da na 18 take cikin biranen da suka fi yawan jama'a a Turai, ga talakawa birjik, ga kuma gida guda da ke karɓar jarirai daga faɗin masarautar yana ba su suna iri ɗaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutanen kudu suka yi ta kwarara zuwa masana'antun arewa, sunan ya yi ƙarfi a Milan da Torino, haka ma a Rum.

A waje kuwa, babbar ƙaura ce ta kai shi. Tsakanin 1880 da 1920 kimanin Italiyawa miliyan huɗu suka shiga Amurka, mafi yawansu daga kudu, shi ya sa ake samun Esposito da yawa a New York da New Jersey da Connecticut. Wasu suka nufi Ajantina da Burazil, daga baya Kanada da Ostareliya. A Ajantina akan rubuta shi Espósito bisa ƙa'idar Sifaniyanci.

Wasu da suka yi fice

Raffaele Esposito mai gasa pizza ne a Napoli, wanda ake cewa a 1889 ya yi wa Sarauniya Margherita pizza mai tumatir da cuku da ganyen basilico, launukan tutar Italiya, aka kuma sa mata sunan sarauniyar. Masana tarihin abinci suna da ja a kan wannan labari, don akwai alamun an san haɗin tun kafin nan, amma sunansa ya riga ya manne da shi.

A Kanada, 'yan'uwa biyu Phil da Tony Esposito, 'yan garin Sault Ste. Marie, sun yi suna a wasan hoki na ƙanƙara. Ɗan wasan kwaikwayo Giancarlo Esposito an haife shi a Copenhagen a 1958. Mahaifinsa mutumin Napoli ne, mahaifiyarsa kuma baƙar fatar Amurka ce mawaƙiya. Larry Esposito masanin taurari ne ɗan Amurka da ya gano ɗaya daga zobban duniyar Saturn a 1979. Roberto Esposito, haifaffen 1950, malamin falsafar siyasa ne. Masu bin ƙwallon ƙafa ta Italiya kuma sun san 'yan gida ɗaya su uku daga Castellammare di Stabia, Salvatore da Sebastiano da Francesco Pio, waɗanda duk suka taso a makarantar horar da matasa ta Inter Milan.

Matsayin doka a yau

Dokar rajistar haihuwa ta Italiya ta shekarar 2000 ta ba mace damar haihuwa a asibiti ba tare da an rubuta sunanta ba. Jami'in rajista ne ke zaɓa wa jaririn suna, kuma an hana shi zaɓar wanda zai nuna cewa ba a san iyayen yaron ba. Dokar ta kuma ba mutum damar neman sauya sunan zuri'arsa idan abin dariya ne, ko abin kunya, ko yana tona asalin haihuwa. Ga Esposito dai wannan dama ba ta da wani tasiri a aikace, domin a Napoli sunan ya yi yawan da ba wanda ke ɗaga kai idan ya ji shi. A 'yan shekarun nan wasu asibitoci da coci-coci sun sake kafa gadon jarirai mai ɗumi a jikin bango, wanda ke sanar da ma'aikata da zarar an sa jariri a ciki. Yaran da aka bari a nan ana ba da su riƙo ta hannun kotun yara, sannan su ɗauki sunan iyalin da suka karɓe su.