"Ai a Turai Ma Magani Ce": Ku Daina Dafa wa Marasa Lafiya Wiwi

Cikin wata biyun nan sau huɗu ina jin magana ɗaya, wai wiwi magani ce ga mara lafiya, daga bakin mutanen da ba su san juna ba, duk a ƙaramin asibitin da nake aiki a cikin garin Gombe. Ta ƙarshen ce ta hana ni yin shiru.

Yaro ne ɗan shekara 9 mai farfaɗiya. Mun san shi, shekara biyu yana kan maganinsa lafiya lau, yana zuwa allo yana zuwa boko. Da hantsi aka shigo da shi ranga-ranga, jijjiga ta ƙi tsayawa, idanu sun kafe. Na ce wa kakarsa, "Goggo, yaushe rabonsa da ƙwayarsa?" Ta sunkuyar da kai, ta ce kwana goma sha ɗaya. Wai kawunsa da ke aiki a kudu ne ya zo ganin gida, ya nuna musu bidiyo a waya, ya ce ƙwayar asibiti daskarar da ƙwaƙwalwa take yi, a ajiye ta, a riƙa dafa wa yaro ganye a shayi safe da yamma. Na ce, "Wane ganye?" Ta ce, "Ke ma kin sani, 'yar nan. Ai an ce a Turai ma magani ce."

Mun tura shi babban asibiti a guje, Allah ya sa da sauran kwanansa a gaba. Kafin shi akwai saurayi mai sikila daga wajen Bolari da ya koma busa wiwi duk lokacin da ciwon ƙashi ya motsa, har tari ya kama shi ya ƙi saki. Akwai wani dattijo daga Kumo mai ciwon daji, 'ya'yansa suna zuba masa ita a fate don ya samu barci. Akwai mai jego da ƙawarta ta ce ta riƙa sa kaɗan a kunu, wai tana kore damuwa. Mai jego fa, da jariri a bakin nono, alhali abin da ke bugarwa a cikin wiwi yana bin ruwan nono.

Wallahi ban ga laifin zuciyarku ba. Wanda ya kwana yana kallon ɗansa na birgima don azaba ya san abin da nake nufi, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, layin asibiti ga shi nan kamar na mai. Duk na sani. Amma ku ji tsoron Allah, ku daina ajiye maganin likita kuna dafa wa mara lafiya wiwi. Ku daina. Ko wa ya faɗa muku, ko kawu ne, ko mai shago ne, ko wani mai farar riga a TikTok.

Ita wannan magana ta Turai, bari mu warware ta, tunda da ita ake rufe mana baki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take da haɗari. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta halatta wiwi don jinya tun 1996, Kanada ta bi a 2001. Ingila ta ba da dama a watan Nuwamba na 2018, amma ƙwararren likita ne kawai ke iya fara rubuta ta, ba kowane likita ba. A Afirka ma Lesoto ta fara ba da lasisin nomanta don magani a 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021. A watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga jeri mafi tsanani, da ƙuri'a 27 a kan 25, amma ta bar ta cikin abubuwan da dole a sa wa ido sosai. Najeriya tana cikin waɗanda suka ce a'a a wannan ƙuri'ar. Tailan kuwa, da ta saki abin sakaka a 2022, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita.

To mu a nan fa? Ba a canza komai ba. Dokar wiwi ta 1966 tana nan, dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta 1989 tana nan, kuma a cikinta mallaka ko sha na iya kai mutum ɗaurin shekara 15 zuwa 25, noma da safara kuwa har rai da rai. Marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kiran a bari a noma ta don magani, an kuma kai ƙudurori Majalisar Wakilai, babu wanda ya zama doka. Babu likitan da zai rubuta maka ganyen wiwi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko wani asibiti a ƙasar nan. In aka kama ku da ƙulli a tasha, "na mara lafiya ne" ba za ta fitar da ku ba. Sai a tashi da jinya biyu, ɗaya a gado ɗaya a kurkuku.

Amma ni ba 'yar sanda ba ce, abin da ya fi damuna shi ne kallon kitse da kuke yi wa rogo. Abin da likitan Ingila yake rubutawa da abin da yaro yake sayo muku a bayan tasha, suna kawai suka haɗa. A cikin ganyen akwai sinadarai da yawa, biyu ne aka fi sani: THC, shi ke bugarwa, da CBD, shi ba ya bugarwa. Maganin farfaɗiyar da kawun nan ya gani a bidiyo sunansa Epidiolex, Amurka ta amince da shi a 2018. Tataccen CBD ne a cikin mai, kowane mililita ɗaya da miligiram 100 cif. Da sirinji ake auna shi daidai nauyin yaro, ana ɗibar jini ana duba hanta, kuma an yi shi ne don wasu nau'o'in farfaɗiya masu wuya da suka gagari sauran magunguna. Uwa uba, ƙari ake yin sa a kan magungunan da yaron ke sha. Babu likitan da ke cewa a watsar da ƙwaya dare ɗaya. Shi kuwa ganyen titi don bugarwa aka noma shi, THC ne ya cika shi, wato daidai abin da ba a so a ƙwaƙwalwar yaro. Wani ma an fesa masa sinadarin da mai sayarwar kansa bai san sunansa ba, irin wanda samari ke kira Kolorado, wanda shi kansa yana jawo jijjiga.

Sauran ma haka suke. Akwai Sativex, feshi ne a baki, ana ƙirga sau nawa aka fesa, don masu wata cutar jijiya da ke sandarar da gaɓoɓi. Akwai Marinol, ƙwaya ce, tun 1985 ake ba masu ciwon daji ita idan amai ya ƙi tsayawa bayan allurar kashe daji. Ɗigo ne, feshi ne, ƙwaya ce, kowanne da awo da takarda da ranar komawa ganin likita. Ko a inda aka yarda mara lafiya ya yi amfani da ganyen kansa, likitoci sun fi son na'urar da ke ɗumama shi ya ba da tururi, don hayaƙi hayaƙi ne, huhu bai san na magani ba. Mai sikila da ke tsoron ciwon ƙirji, mai asma, mai tarin fuka, a ce wai ya zuƙi hayaƙi don ya warke? Haba jama'a.

Dafawar nan kuma da kuke gani ta fi sauƙi, ita ta fi ba ni tsoro. Wanda ya busa, cikin mintuna yake jin ta. Wanda ya ci a fate ko dambu ko ya sha a shayi, sai ta ɗauki rabin awa zuwa awa biyu ba ta nuna kanta ba. Sai a ce ba ta ji ba, a ƙara masa ludayi. Lokacin da za ta taso, ta taso gaba ɗaya, kuma takan wuni a jiki. Dattijon Kumo haka aka yi masa: zuciya na bugawa kamar ganga, ya rikice bai gane 'ya'yansa ba, ya tashi zai fita ya faɗi. Iyalan suka ɗauka ajali ne ya zo. Sannan tukunyar da kuka dafa, wa ya suɗe ta? Yaran gida. Ƙaramin yaro in ya ci, barci mai nauyi ne ke ɗauke shi, wani har numfashinsa ya yi ƙasa. Ku gaya mini, da wane ma'auni kuka auna? Tafin hannu? Ganyen jiya da na yau ƙarfinsu ɗaya?

Kuma mu nan ba baƙin wannan masifa ba ne. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi, ita ce kan gaba a duk kayan maye. Kowace unguwa, daga Jekadafari zuwa Pantami, akwai gidan da ke da saurayin da ya fara da wasa yau yana magana shi kaɗai. Wanda ya fara da ƙuruciya, yake sha kullum, ko akwai taɓin hankali a danginsu, shi ya fi shiga haɗari. Muna kuka da wannan, sai kuma mu ɗauko ta da hannunmu mu zuba wa ɗan shekara 9 a kofi, mu ce magani.

Ga abin da nake roƙo, a gurguje:

Mai farfaɗiya kada ya tsallake ƙwayarsa ko ta kwana ɗaya. In tana sa shi kasala ko barci, ku dawo a gyara awon ko a canza, akwai wasu.
Jijjiga ta wuce minti 5, ku kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura komai, a nufi asibiti.
Mai sikila: ruwa da yawa, maganinsa na kullum, gidan sauro, kariya daga sanyin hunturu. Ciwo ya tashi da zazzaɓi ko ciwon ƙirji, asibiti a ranar.
Mai ciwon daji: ku buɗe baki ku ce wa likita maganin ciwon bai isa ba. Akwai masu ƙarfi irin mofin da ake rubutawa bisa doka a manyan asibitoci.
Kuɗi ne suka yanke? Ku faɗa mana kafin ƙwayar ta ƙare, mu nemi mai rahusa tare.
Man wiwi da ake tallatawa a WhatsApp, ba lambar NAFDAC ba awo, ku bar shi inda kuka gan shi.

In kuma kun riga kun bayar, don Allah ku faɗi gaskiya da kun shigo. Ba za mu kira muku kowa ba, ba aikinmu ba ne. Ɓoyewar ce ke sa mu yi ta neman maleriyar ƙwaƙwalwa da sanƙarau alhali amsar tana cikin butar shayi. Wanda kuma shan ya riga ya kama shi, NDLEA tana da layin ba da shawara kyauta, 080010203040, kuma manyan asibitocinmu suna da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba abin kunya ba ne.

Yaron ya dawo makon jiya, da ƙafarsa. Goggo ta kwance bakin zaninta ta fito da ledar ƙwaya, muka ƙirga tare, babu wadda aka tsallake. Na ce mata ranar da kawun zai sake zuwa gida ta turo mini shi, ina da magana da shi. Ta yi dariya ta ce sai da babbar salla. Na rubuta a bayan katin yaron don kada in manta.