Adjoa Andoh: Altinen Ingila da ta yi shekara 30 da 'yan kai a dandamali kafin mu san fuskarta

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a shagon ɗinkin ƙanwata a Nima, cikin Akra. An ɗauke wuta, keke ya tsaya, zafi ya ishi kowa, sai 'yarta ta miƙo mini waya. Wata dattijuwa ce baƙa a ciki, da doguwar hula a karkace da sanda a hannu, tana yi wa wani saurayi irin kallon da goggo ke yi wa yaron da ya zo gaisuwa bai durƙusa ba. "Kawu, wai da gaske matar nan 'yar Gana ce?" Adjoa Andoh take nufi, a wani guntun bidiyo na shirin Bridgerton. Yarinyar ba ta rasa fitowa a wasan kwaikwayon Islamiyyarsu duk lokacin walimar sauka, kuma ta ƙudurta 'yar wasa za ta zama. Tambayoyinta na ran nan, da waɗanda uwarta ta riƙa jefowa daga bayan keke, su na tattara a nan.

Wai 'yar Gana ce?

Ta wajen uba. A Biristol ta Ingila aka haife ta ranar 14 ga Janairun 1963. Mahaifinta ɗan Gana ne da ya yi aikin jarida da kiɗa, mahaifiyarta kuwa Baturiya ce, malamar makaranta. Sunanta ma ya isa shaida: Adjoa, ko Adwoa a bakin mutanen Kumasi, sunan macen da aka haifa ranar Litinin ne a wurin ƙabilar Akan. Na duba kalandar shekarar, Litinin ɗin ce kuwa. Da a gidanmu ta faɗo, Altine za a ce mata.

Ta tashi a wani ƙauye mai suna Wickwar, inda baƙar fata kusan sai 'yan gidansu. Ku riƙe ƙauyen nan, zai dawo a gaba.

A ina ta koyi wasa?

Ba ta shiga makarantar koyon wasa ba. Karatun lauya ta fara a kwalejin kimiyya da fasaha ta Biristol, ta yi shekara 2 ta ajiye. Ina faɗin haka ƙanwata ta ɗago kai: "Yaya, don Allah kada ka ba ta wannan labarin." Sai dai an riga an ba ta.

Ita Adjoa takan ba da labarin cewa tana shekara 16 ta je kallon wasan Plenty na David Hare, kuma daga ranar abin ya shiga ranta. A tsakiyar shekarun 1980 ta fara da ƙananan ƙungiyoyi, irin waɗanda ɗan wasa shi ne mai ɗaukar kaya, shi ne mai share dandamali. A 2004 sai ga ta a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, a wani sabon wasan David Hare ɗin nan dai, kan yadda aka ƙulla yaƙin Iraki. Ta fito a matsayin Condoleezza Rice, wadda a lokacin take ba Shugaba Bush shawara kan tsaro. Kwaikwayon mutumin da yake raye, wanda 'yan kallo suka gani a labaran daren jiya, ba ƙaramin ganganci ba ne. Kuskure kaɗan, ya koma wasan barkwanci.

To mene ne bambancin dandamali da fim? Ba duk wasa ba ne?

Nan ne na gyara zama, don duk labarin matar nan a nan yake.

A fim, in harshenki ya sarƙe darakta zai ce a yanke a sake. Fitowa ɗaya akan ɗauke ta sau da yawa, daga gaba, daga gefe, daga nesa, sannan mai tacewa ya zauna gaban kwamfuta ya zaɓi mai kyau ya ɗinke. Ba ma bin labarin ake yi a jere ba: ana iya ɗaukar kukan mutuwar miji yau, ɗaurin auren sai mako mai zuwa. A dandamali babu a sake. Bayan makonni ana atisaye, da an buɗe wasa za ki ɗauko labarin daga farko ki kai shi ƙarshe, awa 2 ko 3, da haddar kowace kalma a kanki. A manyan gidajen wasan Ingila sau 8 ake yi a mako. Wanda ya sayi tikitin daren Alhamis bai san kin gaji ba, bai kuma damu ba.

Sai murya. Dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji raɗarki, kuma ba da ihu ba. Daga ciki ake ɗauko numfashi, ba daga maƙogwaro ba, kamar ladanan da, kafin zuwan lasifika, waɗanda kiransu ke ƙetare unguwa kuma gobe da asuba muryar na nan. Kyamara kuwa akasin haka take so. In ta matso fuskarki, ɗaga gira ɗaya ya isa jimla guda. Motsin hannun da ya yi daidai a dandamali, a allo sai ya zama zaƙewa, irin wadda muke gani a finafinanmu da yawa, inda jaruma ba za ta yi fushi ba sai ta fasa kwano.

Na ce wa yarinyar ta sake kunna bidiyon ta kalli jikin matar kawai. Kusan ba ta motsi. Takan yi shiru na ɗan lokaci kafin kalmar da za ta yi sara, ta ɗan jingina da sandar, shi ke nan. Wanda bai saba da ɗaruruwan idanu a kansa ba, ba ya iya jure shirun nan, sai ya yi sauri ya cike shi da magana. Ta kuma daɗe tana wasan rediyo a BBC da karanta littattafai don masu sauraro, ciki har da Americanah na Chimamanda Adichie, aikin da babu fuska babu hula, murya ce kaɗai za ta raba maka tsohuwa da budurwa.

Me ya haɗa Shakespeare da mu?

Fiye da yadda ake zato. A 2012 kamfanin wasannin Shakespeare na Ingila ya shirya Julius Caesar da 'yan wasa baƙaƙe zalla, aka mai da labarin wata ƙasar Afirka ta zamanin nan. Adjoa ce Portia, matar Brutus, wadda ta lura mijinta ba ya barci kuma ya ƙi gaya mata abin da ake ƙullawa. Shugaba da ya yi ƙarfi har aminansa suka tsorata, maƙarƙashiya da dare, kisa, jawabi ga jama'a washegari: wanda ya san juyin mulkin 1966 da 1972 da 1979 da 1981 a nan Gana ba ya bukatar tafinta. Julius Nyerere ya fassara wasan zuwa Swahili, Mandela kuma a kurkukun tsibirin Robben a gefen wasu baitocin wasan ya sa hannu a 1977.

Wane aiki ne ya fi ɗaga sunanta a wurin masana wasa?

A ganina Richard II na 2019. Richard ya hau gadon sarautar Ingila a 1377 yana ɗan shekara 10, a 1399 ɗan baffansa Henry Bolingbroke ya tuɓe shi. Labarin tuɓe sarki ne, abin da Bahaushe da Ba'ashante duk sun san nauyinsa. Adjoa ce ta fito a sarkin, ita ce kuma ta ba da umarni tare da Lynette Linton. 'Yan wasan duk mata ne masu asali daga Afirka da Asiya da tsibiran Karebiyan, abin da ba a taɓa yi da wasan Shakespeare a wani babban dandamalin Birtaniya ba.

An yi shi a ƙaramin zauren gidan wasa na Globe da ke bakin kogin Landan, zaure mai cin mutum 340 ko kusa da haka, wanda da kyandir ake haska shi. Akwai wurin da sarkin, bayan ya miƙa kambi, yake neman a kawo masa madubi ya ga ko fuskarsa ta sauya tunda mulki ya tafi, ya duba, ya ga tana nan yadda take, ya rotsa madubin. A irin wannan zaure na gaba-gaba suna jin numfashin mai wasa.

Lokacin ma ba a banza aka zaɓe shi ba. An tsara Birtaniya za ta fice daga Tarayyar Turai ranar 29 ga Maris na shekarar, ƙasar na ta gardamar wane ne ɗan ƙasa. A cikin wasan akwai sanannen jawabin yabon Ingila da wani tsohon basarake ke yi a bakin mutuwa, sai ga shi yana fita daga bakin mace haifaffiyar Jamaika, jikar waɗanda daular ta mulka.

Mace ta fito a sarki namiji? Wannan ba wasa da hankali ba ne?

Tambayar ƙanwata ce. A zamanin Shakespeare samari ne ke fitowa a mata, sai a 1660 mace ta fara hawa dandamalin Ingila. Nan gida ma, 'yan konsat masu yawo gari-gari maza ne ke ɗaura zane su sa ɗankwali su yi muryar mata, har wajen shekarun 1960. Ba wanda ya ce an raina masa hankali.

A talabijin da fim fa?

Daga 2000 zuwa 2003 ta fito a matsayin nas Colette a Casualty, shirin asibiti na BBC. A 2007 ta zama uwar Martha Jones a Doctor Who, kuma Freema Agyeman da ta fito a 'yar, ita ma mahaifinta ɗan Gana ne. A 2009 tana cikin Invictus na Clint Eastwood, a matsayin shugabar ma'aikatan ofishin Mandela, gefen Morgan Freeman. Duk ayyuka ne masu kyau, amma irin waɗanda ake gane fuska a manta suna.

Sai Bridgerton. Netflix ta sake shi ranar 25 ga Disambar 2020, duniya na kulle saboda korona, ta kuma ce gidaje miliyan 82 suka kalla cikin kwana 28. Shekarunta 57 a lokacin. Lady Danbury da take fitowa bazawara ce mai dukiya a Landan ta 1813, ba ta shakkar kowa, har sarauniya. Ita ta ɗauki yaro mai i'ina da ubansa ya wofintar, ta raine shi har bakinsa ya buɗe. Mu dai magajiya za mu kira ta, wadda ba a ƙulla aure a unguwa ba da saninta ba.

Za mu iya kallonsa a gida gaba ɗaya?

A'a. Akwai tsiraici a ciki ba kaɗan ba, na manya ne. Guntayen da ke yawo a waya ba su nuna wannan. Ƙanwata ta karɓe wayar a nan.

Ba ta taɓa shan suka ba?

Ta sha. A 2023 ta shirya Richard III a Libaful da wajen Landan, ta sake fitowa a sarkin. A rubutun asali tawayar jiki ce ta ware shi daga mutane. Ita sai ta kai labarin karkara irin ta Wickwar, ta zama baƙa ɗaya tilo cikin Turawa, launin fata ya maye gurbin tawayar. Wasu masu sharhi sun yaba, wasu sun ce dabarar ba ta zauna ba. Ni ina ganin tsada gare ta: in baƙo ɗaya a gari shi ne kuma mugun labarin, sai an yi da gaske kafin ɗan kallo ya ɗora wa garin laifi.

A watan Mayun shekarar, ranar naɗin Sarki Charles, ta faɗa a tashar ITV cewa an ga launuka iri-iri a coci, amma barandar fada farare ne zalla. Ƙorafi fiye da 8,000 ya isa hukumar kula da kafofin watsa labarai, wadda ba ta ga abin bincike a ciki ba.

Kawu, to ni daga ina zan fara?

Akra ba ta rasa dandamali ba. Ga gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da Sin ta gina aka buɗe a 1992, mai kama da jirgin ruwa, inda ƙungiyar Abibigromma take, inda kuma Uncle Ebo Whyte ya daɗe yana cika zaure da sababbin wasanninsa. Ga makarantar fasahar wasanni a jami'ar Legon, da ɗakin wasan da ke ɗauke da sunan Efua Sutherland. Ga makarantar fim da talabijin da aka kafa a 1978 da sunan NAFTI, ga mai son aikin kyamara. Tambayi uwarki yadda ake cika gidan mai talabijin ɗaya a layi don kallon Maame Dokono a Obra. Kuma kina da abin da da yawa ba su da shi: Hausa, Twi da Turanci a baki ɗaya, ga hadda da allo ya koya miki. Karatun boko dai ba za ki ajiye ba, ko don zaman lafiyata da uwarki.

Na ce ta tafi bakin ƙofa ta maimaita maganarta ta wasan walimar bara, ba ihu, yadda mai waken da ke tsallaken kwata za ta ji. Ta yi sau ɗaya, ko mu da ke ciki da ƙyar muka ji. Ta biyu ta ƙwala, uwarta ta ce ta rufa mata asiri. Na sa ta dafa cikinta, ta ja numfashi har hannun ya ɗaga, ta sake. A ta huɗu mai waken ta ɗago kai daga tukunya ta ce, "Da ni kike?" Kafin a ba ta amsa aka kawo wuta, keke ya tashi.