Labarin Ƙasa a Babbar Sakandare: Abin da Ƙa'ida Ta Ce Game da Zaɓarsa

Duk shekara, idan yara suka gama JSS3 suka shiga SS1, iyaye a Agege da Idi-Araba da Mile 12 sukan yi tambaya iri ɗaya: shin labarin ƙasa dole ne, ko yaro zai iya barinsa? Ba dole ba ne. A manhajar da hukumar NERDC ke tsarawa, wadda makarantun gwamnati da masu zaman kansu a Legas ke bi, akwai darussan tilas kamar Turanci da lissafi, akwai kuma na zaɓi. Labarin ƙasa yana cikin na zaɓi.

Sai dai kalmar zaɓi tana ruɗar mutane. Ba ta nufin ɗalibi zai ɗauka bana ya ajiye baɗi. Hukumar WAEC, wadda babban ofishinta na Najeriya yake Yaba, tana yi wa ɗalibi rajistar darussa 8 ko 9, ba ƙari. Idan aka cire na tilas, guraben da suka rage kaɗan ne, kuma kowane gurbi da aka ba labarin ƙasa an hana wani darasi ke nan. Bayan haka, makaranta tana tura wa WAEC makin gwaje-gwajen aji na ɗalibi tun daga SS1. Yaron da ya waye gari a SS3 ya ce yana so, ba shi da makin baya a darasin, ga kuma karatun shekara biyu da ya wuce shi. Saboda haka a zahiri sau ɗaya ake yanke wannan shawara, a zangon farko na SS1.

Abin da ya kamata a duba kafin a yanke ta shi ne kwas ɗin da yaro ke so a jami'a. A jarrabawar JAMB darussa huɗu ake rubutawa, Turanci da wasu uku da kwas ɗin ya ƙayyade, sannan ana neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare har da Turanci, da kuma lissafi a yawancin kwasa-kwasai. Mai son likitanci fiziks da kemistiri da bayoloji ake nema a wurinsa, labarin ƙasa ba ya maye gurbin ko ɗaya. Amma mai son tsara birane, ko safiyo, ko nazarin yanayi, ko labarin ƙasa kansa, wanda ake koyarwa a Jami'ar Legas da ke Akoka da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wannan darasi yana yi masa amfani ƙwarai. Sharuɗɗan sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a buɗe kundin JAMB na shekarar a karanta da ido, kada a dogara da ji-ta-ji-ta. A kuma tambayi makaranta ko tana da malamin darasin, domin ba kowace ke da shi ba.

Ita jarrabawar WAEC ta labarin ƙasa takarda uku ce. Ta farko tambayoyin zaɓi guda 50. Ta biyu rubutu ne a kan jama'a da tattalin arziki da yankuna, har da Najeriya da Afirka. Ta uku ta ƙunshi karatun taswira da yanayin doron ƙasa, kuma tambayar taswira tilas ce, ba a tsallake ta.

A nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa, kuma abin yana da ciwo domin maki ne da ake iya samu. Ana ba ɗalibi taswira mai ma'auni, galibi 1:50,000, wato santimita 2 a takarda daidai yake da kilomita 1 a ƙasa. Idan aka ce ya auna tsawon kogi ko hanya mai lanƙwasa, zare ake bi da shi a kan layin, a miƙe shi a kan rula, sannan a juya santimita zuwa kilomita. Masu ɗora rula kai tsaye a kan lanƙwasa kullum amsarsu takan gaza. Layukan da ke nuna tudu kuwa, idan suka matsu da juna gangara ce mai tsanani, idan suka yi nisa da juna ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. Yaron da ya tashi a Legas, inda ƙasa take kwance kusa da teku, bai saba ganin tsauni da kwari ba, shi ya sa yake buƙatar atisaye da taswira ta gaske, ba hoton littafi kawai ba. Wani wurin tuntuɓe shi ne lissafin bambancin lokaci tsakanin wurare bisa nisansu gabas ko yamma: digiri 15 awa ɗaya, digiri 1 minti 4, ana ƙarawa idan aka nufi gabas, ana ragewa idan aka nufi yamma. Juya wannan kaɗai yana ɓata amsa gaba ɗaya.

Ta wani ɓangaren kuma ɗan Legas yana da rinjaye. Ambaliya a watan Yuni da Yuli, ɗan tsagaitawar ruwa a Agusta, zaizayar bakin teku, cunkoson jama'a, tashar jiragen ruwa ta Apapa, motocin tumatir da albasa da ke saukewa a Mile 12 daga Arewa, duk batutuwa ne da ke cikin manhaja, kuma yana ganinsu da idonsa kullum. Wanda ya zaɓi darasin ya tanadi rula da zare da fensir mai kaifi da akwatin kayan lissafi tun SS1, ya kuma nemi malami ya riƙa ba shi taswira aƙalla sau ɗaya a mako.