Yadda ake ƙwanƙwasa furoton da haske

Ina koyar da fiziks a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Ringim. Waɗannan tambayoyi 'yan ajin ƙarshe ne suka yi mini a gindin darbejiya bayan an tashi, da na ba su labarin yadda masana ke bugun furoton da hasken da aka saita don su gano abin da ke cikinsa.

Malam, ba furoton ne ƙarshen ƙanƙanta ba?

A'a. Furoton da nutiron, mazauna cibiyar ƙwayar zarra, kowannensu yana ɗauke da wasu ƙwayoyi uku da suka fi shi ƙanƙanta, waɗanda ake kira kwak. Idan aka ɗura wa furoton ƙarfi, kwak ɗin sukan sauya zama, ya ƙara nauyi. A kwance nauyinsa 938 ne a MeV, ma'aunin da ake auna nauyin irin waɗannan ƙwayoyi da shi. Matakin farko da yake hawa, Delta, 1232 ne, kuma masanin fiziks Enrico Fermi da abokan aikinsa suka fara ganin alamarsa a Cikago a 1952.

Ana ganinsa da ido?

Ina! A kusan ɗan lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa faɗin furoton ɗin kansa, Delta ɗin ya riga ya wargaje. Ɓaraguzan da suka fito, wato ƙananan ƙwayoyi irin su fayon da kayon, su ake kamawa a lissafa abin da ya faru. Kun ga yadda iyayenmu mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa su san mai tsaga daga amonta? To, haka ne, sai dai nan da ƙwayar haske mai ƙarfin gaske ake bugun.

To me ya sa sai an saita hasken?

Nan gizo ke saƙa. Matakan suna da yawa, kuma amonsu yana hawa kan juna kamar hayaniyar kara ranar kasuwar Maigatari. In ka ƙirga ɓaraguzai kawai, ba ka san muryar wa kake ji ba. Ku ɗaure igiya a turke ku kaɗa ta: ko sama da ƙasa, ko dama da hagu, ko ku juya ta tana zagaye. Haske ma haka yake kaɗawa. In an san gefen da yake kaɗawa, sai a duba ta ina ɓaraguzan suka fi fita, domin kowane mataki da irin tasa watsuwar. Mai shiƙar gero ma sai ta san inda iska ta dosa.

Dabarar ta burge ni: ana harba ilektiron cikin siririn daimon, hasken da ya fito sai ya zo yana kaɗawa gefe guda. Wani lokaci furoton ɗin ma ana saita shi, cikin sinadarin butanol da aka daskarar ƙasa da digiri 1 na Kelvin, wato dab da ƙarshen sanyi.

A ina ake wannan?

Jefferson Lab a Bajiniya ta Amurka, da Mainz da Bonn a Jamus.

Me ake nema har yanzu?

Lissafin kwak uku ya yi hasashen matakai fiye da waɗanda aka gani. Ko dai sauran sun ɓuya cikin hayaniya, ko kuma lissafin ne da gyara. Wani yaro ya tambaye ni wanne na fi zato. Na ce na biyun zai fi min daɗi, amma ma'auni ba ya bin son raina.