Shirya Ɗaliban Sakandare Don Karatun Gaba da Sana'a a Najeriya

Shirya ɗaliban sakandare don karatun gaba da sana'a ya ƙunshi duk abin da makaranta da iyaye da hukuma ke yi domin yaron da ya gama aji shida ya samu gurbi a babbar makaranta, ko ya fita da sana'ar da zai riƙe kansa da ita. A Najeriya shirin ya haɗa da zaɓen darussa, da jarrabawar kammalawa, da jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu, da shawarar malamai. Ɓangaren jarrabawa ya yi ƙarfi ƙwarai, amma ɓangaren shawara, wanda shi ya kamata ya riga komai, shi ne aka bari a baya.

Asalin tsarin

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ce ta zo da tsarin 6-3-3-4, aka fara aiki da shi a 1982: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a. Manufar ita ce bayan ƙaramar sakandare a tantance yara, wasu su ci gaba da karatun littafi, wasu su nufi makarantun koyon sana'a. Don haka aka sayo injunan kafinta da na ƙira daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu. Da yawa daga cikinsu a akwati suka yi tsatsa, saboda ba wutar lantarki, ba malamin da ya iya sarrafa su.

Zaɓen aji

Da shigar yaro babbar sakandare ake tura shi ajin kimiyya, ko na adabi da zamantakewa, ko na kasuwanci. Wannan rabo, da ake yi wa yaro yana ɗan shekara sha huɗu ko sha biyar, shi ne ke yanke masa mafi yawan abin da zai iya karantawa nan gaba. Wanda bai yi darussan fizik da kemistiri da bayoloji ba, ƙofar likitanci ta rufe masa. Wanda bai yi adabin Turanci ba kuma, jami'o'i ba za su ɗauke shi karatun lauya ba. Sau da yawa yaro ba ya sanin haka sai ranar da ya je cike fom. A gidaje da dama ana ganin ajin kimiyya shi ne na masu ƙoƙari, sai a cusa yaron da hankalinsa ke kan harshe ko tarihi, ya shekara uku yana fama da lissafin da ba ya shiga kansa.

Jihar Kano ta yi wani abu da ya zama abin misali a wannan fanni, inda ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ana zaɓo yara ta hanyar jarrabawa. Likitoci da injiniyoyi masu yawa a Kano da Jigawa daga nan suka fito.

Jarrabawar kammalawa

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ce ta daɗe tana shirya jarrabawar gama sakandare. NECO ta biyo baya a 1999, hedikwatarta a Minna. NABTEB, da ke Benin, tana kula da makarantun fasaha da kasuwanci, sannan NBAIS ta ɗaliban Larabci da addinin Musulunci ce. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. A Kano gwamnati kan yi wa 'yan aji biyar jarrabawar kwalifayin, wanda ya ci sai ta biya masa kuɗin jarrabawar ƙarshe.

JAMB da rabon gurabe

An kafa JAMB a 1978 don a daina neman gurbi a kowace jami'a daban-daban. A 2010 ta haɗe jarrabawar jami'o'i da ta foliteknik da kwalejojin ilimi ta zama ɗaya, UTME. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, jimillar maki 400. Tun 2015 kuma da kwamfuta kaɗai ake yin ta, lamarin da ya rage satar amsa amma ya jawo wata matsalar: akwai yaran karkara da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta. Masu zama jarrabawar a 'yan shekarun nan sun kusa miliyan biyu a shekara, gurabe kuwa ba su kai haka ba, musamman a likitanci da lauya da aikin jinya.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda mafi yawansu na Arewa ne. Yaron da ya san wannan tun kafin ya zaɓi jami'a ya fi wanda bai sani ba dama, ko da makinsu ɗaya.

Wanda bai dace ba yana da wasu hanyoyi. Akwai karatun share fage, irin na makarantar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua, da kuma jarrabawar IJMB da jami'ar ke kula da ita, wadda ke kai ɗalibi kai tsaye aji biyu na jami'a. Difloma da NCE, wato takardar shaidar malanta, ma suna kai wa nan.

Ba da shawara da koyon sana'a

Ana danganta farkon aikin ba da shawara kan sana'a a makarantun Najeriya da kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan, inda a 1959 malaman makarantar suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗalibai mata masu fita bayanin aikinsu. Manufar ilimi ta tanadi a samu malamin shawara a kowace sakandare. A aikace, inda ma aka same shi, yawanci an ɗora masa koyar da wani darasi, ofishin nasa kuma ya koma wurin hukunta masu laifi.

Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011, kafin a sauya ta a 2025, ta wajabta wa kowane ɗalibi darasin sana'a guda daga cikin fiye da talatin, kamar ɗinki, kiwon kifi, girki, ɗaukar hoto da gyaran wayar salula. Makarantu da yawa kan zaɓi wanda ba ya buƙatar kayan aiki, a koyar da shi a allo kawai. Shi ya sa a Kano da Zariya da Sakkwato iyaye da dama har yanzu suke tura yaro shagon tela ko garejin bakanike ko rumfar kasuwa bayan an tashi daga makaranta da lokacin hutu, ya koyi aikin a hannun maigida.