Gas ɗin kashin shanu ba ya cinye taki

Wasu manoma sun ɗauka in aka zuba kashin shanu a ramin gas, wato ramin da ake samar da gas ɗin girki daga kashin, gona ta yi asarar taki. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashin a rufaffen rami iska kawai suke fitarwa, ita ce ke ci da shuɗiyar wuta ƙarƙashin tukunya. Sinadaran da gero ke so suna nan cikin kaurin ruwan da ke malalowa ta ɗaya bakin ramin.

Inda gizo ke saƙar shi ne ruwa: kowane bokitin kashi sai an dama shi da kusan bokiti guda, kullum, har da bazara. Ga shi shanun kiwo a daji suke zubar da kashinsu, mai turke kaɗai ke iya tarawa.