Ma'anar kVA, lambar da masu sola ke alfahari da ita

Tun da farantan sola suka yawaita a kan rufin gidaje, kalmar kVA ta shiga bakin kowa. Mai talla a rediyo da ita yake buɗe baki, maigida kuma ya ce maka ya sa kVA biyar, yana ƙafafa kamar ya faɗi yawan wutar da ya tara. Bayan sati biyu sai ka ji shi yana ƙorafi cewa ƙarfe biyun dare inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita, ta fara kuka, fanka ta tsaya, lallai an cuce shi. Galibi ba wanda ya cuce shi, lambar ce bai gane ba.

Harafin k na nufin dubu. V bolt ne, daga sunan Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙera batir na farko a 1800. A kuma amfiya, daga André-Marie Ampère na Faransa. Duba da kyau, babu awa ko minti a cikin haruffan nan uku. Abin da kVA ke faɗa shi ne nauyin da inbata za ta iya ɗauka a lokaci guda. Ko da hakan ma akwai ragi, domin a inbatoci da yawa kVA biyar wat 4,000 ce kawai, ba 5,000 ba. Wat kuwa shi ne ma'aunin wutar da abu ke ja yayin da yake kunne.

Ɗauki batir a matsayin randa, inbata kuma moɗa. Wanda ya sayi ƙatuwar moɗa bai ƙara ko ɗigo a randarsa ba, sai dai ya samu hanyar ƙarar da ruwan da wuri. Ana auna randar da wat-awa, wato wat sau yawan awannin da abu ya yi a kunne, kuma ita ce lambar da ban taɓa jin wani yana alfahari da ita ba. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, wato 12 sau 200. In na dalma ne, rabi kawai ya kamata a taɓa, in ba haka ba ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Na litiyam ya fi juriya, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari ko fiye. To, mai batir huɗu na dalma wat-awa 4,800 yake da ita. Ya ɗora wa inbatarsa mai kVA biyar cikakken nauyinta, da ƙyar ya ga awa guda.

A nan ne ake zaluntar dutsen guga. Kowa shi yake zargi saboda yana jan wat 1,000. Amma gugar minti ashirin wat-awa 330 ce, ko ƙasa da haka tunda yana ɗaukewa yana dawowa. Fankar sama mai wat 70 da ta kwana tana juyawa awa goma ta cinye 700, ba wanda ya harare ta. Fanka uku kuwa, kusan rabin randar mai batir huɗun nan ke nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne inbatar kanta tana cin wuta ko ba a kunna komai ba, kuma babba ta fi ci. In tana jan wat 50 a zaune, a kwana guda ta lashe wat-awa 1,200, daidai abin da ake iya ɗiba daga batir ɗaya na dalma. Mutum ya sayi girma, girman kuma yana shan batirinsa yana barci.

Ba wai kVA ba ta da rana ba. Firji da injin jan ruwa suna fizgar wuta ninkin-ba-ninkin a daƙiƙar da suka tashi, ƙaramar inbata kuwa nan take za ta ɗauke. Shi ya sa ake guga da jan ruwa da tsakar rana, lokacin da faranti ke bayarwa kai tsaye, kuma ɗaya bayan ɗaya, kada su haɗu. Shi ma farantin, wat 400 ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a ɗakin gwaji mai zafin digiri 25. A kan rufin da ya ɗau zafi, ga ƙura ta kwanta masa, ba ya kawo haka.